Idan Harhaɗa Manhaja Ya Cije: Yadda Ake Gano Matsalar da Yadda Ake Tunkarar 'Yan Sa-kai

A tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da Garwa takan zama kamar bakin murhu, wani ɗalibi ya shigo inda nake aiki da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa a murtuke. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kwana uku ke nan ina fama da wannan manhaja, ta ƙi haɗuwa." Na ce, "To ɗana, me kwamfutar ta ce maka?" Ya ce, "Ta ce Erreur 2 kawai." Na karɓi na'urar na ja rubutun da ke kan allo zuwa sama, layi bayan layi, har na kai wurin da aka rubuta `fatal error: openssl/ssl.h: Aucun fichier ou dossier de ce type`. Umarni ɗaya muka buga, `sudo apt install libssl-dev`, aikin ya wuce. Kwana ukun da ya ɓata ba don matsalar tana da wuya ba ne, sai don yana kallon layin ƙarshe, alhali kwamfutar ta riga ta faɗa masa ciwonta tun da farko.

Wannan jagora ta masu sauko da buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato wadda rubutun tushenta yake a sarari ga kowa, su harhaɗa ta da kansu a kan Linux, musamman Debian da Ubuntu waɗanda su na fi gani a hannun ɗalibai daga Ngaundere zuwa Marwa har Kuseri da Njamena.

Da farko, ka san a wane zango aikin ya tsaya

Harhaɗa manhaja tafiya ce mai zango-zango, kuma kowane zango yana da irin ciwonsa. Zangon farko shi ne sauko da rubutun tushe, ko dai da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen rubutu, ko a matsayin dunƙulallen fayil. Na biyu shi ne binciken na'ura, inda `./configure` ko CMake ko Meson suke leƙa kwamfutarka su ga ko tana da duk kayan da ake buƙata. Na uku shi ne fassara, inda GCC ko Clang, waɗanda zan kira tafinta, suke juya kowane fayil na C ko C++ zuwa harshen na'ura. Na huɗu shi ne ɗinki, inda shirin `ld` yake haɗa guntayen da aka fassara da laburaren da suka dogara da su, wato shiryayyun ayyukan da manhajoji ke ara, su zama manhaja guda. Na ƙarshe shi ne girkawa. Shi kuwa Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta tun 1976, shugaban leburori ne kawai: yana kiran kowa ya yi aikinsa bisa tsari, idan wani ya gaza sai ya sanar. Shi ya sa layin `make: *** Error 2` ba ya ɗauke da wani bayani sai cewa wani daga ƙasa ya faɗi. Wanda ya kwafi wannan layin ya tafi neman amsa da shi, tamkar wanda ya je wurin likita ne ya ce "ba ni da lafiya" ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mataki na ɗaya: adana rahoton, ka nemo kuskuren farko

Kafin ka taɓa komai, ka sake gudanar da aikin ta yadda duk abin da ya fito zai shiga fayil:

`LC_ALL=C make -j1 2>&1 | tee rahoto.txt`

Kowane ɓangare na wannan layi yana da dalilinsa. `LC_ALL=C` yana tilasta wa kayan aikin su yi magana da Ingilishi maimakon Faransanci, kuma wannan ya fi shafarmu mu da ke Kamaru da Chadi, domin yawancin kwamfutocinmu da Faransanci aka girka su. Saƙon da ya fito rabi Ingilishi rabi Faransanci, kamar na ɗalibin nan, ba ya samun amsa sosai idan aka bincika shi a intanet, kuma mai kula da manhajar da ke Jamus ko Japan ba lallai ne ya gane shi ba. `-j1` yana sa a yi aiki ɗaya bayan ɗaya, domin idan fayiloli huɗu ko takwas suna fassaruwa a lokaci guda, saƙonninsu sukan cakuɗe, har ainihin kuskuren ya nutse a tsakiya. `2>&1` yana haɗa saƙonnin kuskure da na yau da kullum a hanya ɗaya, `tee` kuma yana nuna su a allo yana kuma rubuta su a fayil.

Daga nan sai ka buga `grep -n -i "error" rahoto.txt | head`, ka je layin farko da ya bayyana, ka karanta shi tare da layi goma da ke sama da shi da goma da ke ƙasa. Dalilin da ya sa ake neman na farko shi ne kuskure ɗaya yakan haifi ɗari: idan fayil ɗaya ya ɓata, duk sunayen da ke cikinsa za su zama baƙi ga tafinta, kowanne ya jawo nasa ƙorafin. Ka kuma bambanta `warning` da `error`. Gargaɗi ba ya tsayar da aiki, sai dai idan masu manhajar sun kunna `-Werror`, wanda ke mayar da kowane gargaɗi kuskure, kuma za ka gane haka idan ka ga an rubuta `all warnings being treated as errors`. Idan rahoton ya taƙaita har ba ka ganin umarnin da aka bai wa tafinta, ka ƙara `V=1` ga manhajar da ke amfani da `configure`, ko `VERBOSE=1` ga mai amfani da CMake.

Idan tun a zangon bincike aka tsaya, fayil ɗin `config.log` shi ne wurin dubawa. Kada ka tafi ƙarshensa, domin ƙarshen jerin saituna ne kawai. Ka nemi sunan abin da aka ce ba a samu ba, za ka ga ɗan gwajin da aka yi da ainihin dalilin faɗuwarsa.

Mataki na biyu: kayan da suka ɓata

A cikin matsalolin da ake kawo mini, wannan ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ita ce mafi sauƙin magani. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne Debian da Ubuntu suna raba kowace laburare gida biyu: ƙunshin da manhaja ke buƙata don ta yi aiki, da kuma ƙunshin da ake buƙata don a harhaɗa wata manhajar a kanta, wanda sunansa ke ƙarewa da `-dev`. A Fedora kuwa `-devel` ake cewa. Saboda haka mutum zai rantse cewa OpenSSL tana cikin kwamfutarsa, kuma gaskiya ya faɗa, amma fayilolin da sunansu ke ƙarewa da `.h` ba su nan. Idan aka ce ba a ga `zlib.h` ba, `zlib1g-dev` ake nema, idan `Python.h` ne, `python3-dev` ake nema.

Ba sai ka haddace waɗannan sunaye ba. Ka girka `build-essential` da `pkg-config` da `apt-file`, ka buga `sudo apt-file update` sau ɗaya, sannan duk lokacin da wani fayil ya ɓata ka ce `apt-file search zlib.h`, za a jero maka ƙunshin da ke ɗauke da shi. Akwai kuma gajeriyar hanya ga manhajar da Debian ko Ubuntu suka riga suka sani: `sudo apt build-dep` tare da sunan manhajar zai girka duk abin da ake buƙata don harhaɗa ta a karo ɗaya, da sharaɗin ka kunna layukan `deb-src` a cikin jerin ma'ajiyoyinka. Ka dai duba girman abin da zai sauko kafin ka amince, domin wani lokaci yakan kai ɗaruruwan megabait, kuma data a wurinmu ba kyauta ba ce.

Kuskuren ɗinki yana da kamanninsa daban. Idan ka ga `undefined reference to` ko `cannot find -l` da sunan wata laburare a gaba, to fassara ta wuce lafiya, maɗinkin ne bai sami abin da zai haɗa ba. Dalilin yakan kasance ɗaya daga uku: laburaren ba ta nan, ko tana nan amma zubinta (version) ya tsufa har ba ta da aikin da ake kira, ko kuma an girka ta a `/usr/local` inda ba a duba ba. Umarnin `pkg-config --modversion` da sunan laburaren zai gaya maka zubin da na'urarka ke gani. Idan kuma manhajar ta haɗu amma ta ƙi tashi tana cewa `error while loading shared libraries`, sau da yawa `sudo ldconfig` kaɗai ya wadatar.

Mataki na uku: ka tuhumi na'urarka da yanayin da take ciki

A nan zan daɗe, domin takardun da masu manhaja ke rubutawa ba su cika kawo waɗannan matsaloli ba. Mafi yawansu suna aiki ne da manyan kwamfutoci, da wutar da ba ta yankewa, da intanet mai gudu, mu kuwa da yawa daga cikinmu kwamfutar hannu ta biyu muke riƙe da ita, mai RAM gigabait 4, wadda batirinta ya gaji.

Matsalar farko ita ce ƙarewar RAM. Alamarta ita ce `Killed signal terminated program cc1plus`, ko kalmar `Killed` ita kaɗai, ko lambar fita 137. Abin da ya faru shi ne Linux ta ga ƙwaƙwalwa ta cika, ta kashe shirin da ya fi ci don ta ceci sauran. Za ka tabbatar da haka da `sudo dmesg | grep -i "killed process"`. Fayil ɗin C++ guda mai nauyi yana iya cinye fiye da gigabait ɗaya yayin fassara, to ka ga idan ka kwafi `make -j8` daga wata takarda ka buga a ƙaramar na'ura, ka ɗora mata kayan raƙumi ne alhali jaki ce. Maganin shi ne ka koma `-j1` ko `-j2`, ka rufe manhajar shiga intanet, ka kuma ƙara wurin ajiyar wucin gadi a kan faifai: `sudo fallocate -l 4G /swapfile`, sai `sudo chmod 600 /swapfile`, sai `sudo mkswap /swapfile`, sai `sudo swapon /swapfile`. Aikin zai yi nawa, amma zai kai ƙarshe.

Ta biyu ita ce zafi. Harhaɗawa tana sa injin kwamfuta aiki iya ƙarfinsa na dogon lokaci, kuma a watannin Maris da Afrilu, da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, tsohuwar kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka takan mutu da kanta a tsakiyar aiki. Alamar da ke nuna laifin na'ura ne ita ce kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau a wannan fayil, an jima a wancan, wani lokaci da saƙon `internal compiler error`. Kuskuren rubutu kullum a wuri ɗaya yake faɗuwa. Idan naka yana yawo, ka sa a busa fankar, ka ɗaga na'urar daga kan katifa ko tabarma, ka bar babban aiki sai dare ko bayan sallar asuba, in kuma ya ci gaba ka gwada RAM ɗin da memtest86+.

Ta uku ita ce yankewar wuta ko ta intanet. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar fassara, ana iya barin guntun fayil wanda bai cika ba, Make kuma ya ɗauka an gama shi domin yana duba lokacin da aka rubuta fayil ne, ba ya duba lafiyarsa. Daga baya sai ka ga `file truncated` ko `file format not recognized` a wurin ɗinki. Ka goge wannan fayil ɗin da aka ambata, ko ka yi `make clean`. Haka nan fayil ɗin da aka sauko da shi rabi yakan ba da `unexpected end of file` wurin warwarewa; ka yi amfani da `wget -c` don ya ci gaba daga inda ya tsaya, ka kuma kwatanta sakamakon `sha256sum` da lambar da masu manhajar suka wallafa. Domin tsimin data mutane kan yi `git clone --depth 1`, kuma dabara ce mai kyau, sai dai wasu manhajoji suna ciro lambar zubinsu daga tarihin Git, don haka sukan faɗi idan tarihin bai cika ba. Wasu kuma suna da ƙananan ma'ajiyoyi a cikinsu, waɗanda ba sa saukowa sai ka ce `git submodule update --init --recursive`. Babban fayil, wato folda, da ka tarar fanko alhali ana neman abu a cikinsa, wannan ce alamarsa. Ina kuma ba duk wanda wuta ke yawan yanke masa shawarar girka `ccache`, wanda ke ajiye abin da aka riga aka fassara don kada a maimaita shi daga tushe.

Ta huɗu ita ce agogo. Ƙaramin batirin agogo da ke cikin kwamfuta, wanda galibi samfurin CR2032 ne, idan ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe na'urar. Sakamakon haka Git da `wget` sukan ƙi amincewa da takardar shaidar shafuka, `apt` ya ce fayil `is not valid yet`, Make kuma ya yi ta kukan `Clock skew detected`. Ka duba da `timedatectl`, ka gyara da `sudo timedatectl set-ntp true`, ka sayi sabon batiri. Kada ka kashe binciken takardar shaida don ka wuce, ko da wani ya ba ka shawarar haka, domin ka buɗe ƙofa ke nan ga duk wanda ke son cusa maka gurɓataccen rubutu.

Sauran gajeru ne. Cikar faifai ana ganinta da `df -h`, kuma ka duba `/tmp` musamman. Rubutun da ya bi ta Windows a kan filashi yakan zo da alamar ƙarshen layi irin ta can, sai ka ga `bad interpreter` da `^M` a gefensa, wanda `dos2unix` ke gyarawa. Filashi mai tsarin FAT kuma yakan zubar da izinin gudanarwa, don haka ka kwafe aikin zuwa faifan Linux kafin ka fara.

Mataki na huɗu: saɓanin zamani tsakanin manhaja da kayan aiki

Idan kaya sun cika, na'ura kuma lafiyarta ƙalau, abin da ya rage galibi shi ne manhajar da tafintan ba 'yan zamani ɗaya ba ne. Ka rubuta sakamakon `gcc --version` da `cmake --version` da `python3 --version` da `cat /etc/os-release`, ka kwatanta da abin da fayil ɗin README ko INSTALL ya nema. Ubuntu 22.04 tana zuwa da GCC 11, Debian 12 da GCC 12, Ubuntu 24.04 kuma da GCC 13, saboda haka umarnin da ya yi wa abokinka aiki a Ngaundere yana iya ƙin yi maka ba tare da laifin kowa ba.

Akwai sauye-sauye sanannu da ya kamata ka gane da gani. Tun daga GCC 10 na shekarar 2020, tsohon rubutun C da ya ayyana suna ɗaya a fayiloli da yawa yana faɗuwa da `multiple definition of`, kuma `CFLAGS=-fcommon` yana ba shi hanya ta wucin gadi. GCC 13 ya daina shigo da wasu fayiloli a kaikaice, shi ya sa ake ganin `uint8_t` ko `uint32_t` `does not name a type`, maganin kuma shi ne ƙara layin `#include <cstdint>`. GCC 14 na 2024 ya mayar da `implicit declaration of function` kuskure bayan shekaru yana gargaɗi kawai. OpenSSL 3.0, wadda ta fito a Satumbar 2021, ta karya manhajoji da dama da aka rubuta don zubin 1.1. A ɓangaren Python, an daina kula da Python 2 tun farkon 2020, Python 3.12 kuma ta cire `distutils`, wanda girka `setuptools` yakan maye gurbinsa. Debian 12 da sababbin Ubuntu suna hana `pip` rubutu a cikin tsarin na'ura da saƙon `externally-managed-environment`. Kada ka yi musu ƙarfa-ƙarfa, ka buɗe keɓantaccen wuri da `python3 -m venv`. CMake 4.0 ta 2025 ta daina karɓar ayyukan da suka ce suna dogara da zubin da ke ƙasa da 3.5, kuma `-DCMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5` yakan wuce da kai.

Wani abin da sabon shiga ba ya lura da shi shi ne `git clone` yana ba ka reshen da ake kan aiki a kai, wanda yana iya kasancewa a karye yau a gyara shi gobe. Ka buga `git tag`, ka zaɓi zubin ƙarshe da aka saki, ka koma kansa da `git checkout`. Wannan kaɗai ya sha warware matsalar da mutum ya kwana a kanta.

Mataki na biyar: canji ɗaya a lokaci ɗaya

Ka buɗe fayil ko ka ɗauki littafi, ka rubuta duk abin da ka gwada da abin da ya biyo baya. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko aikin ya yi bai san wanne ya gyara ba, in kuma ya ƙara lalacewa bai san wanne zai janye ba. Bayan ka girka sabuwar laburare, ka goge babban fayil ɗin `build` ko aƙalla `CMakeCache.txt`, domin CMake yana tuna cewa bai same ta ba a karon farko. Ka guji `sudo make`. Izinin shugaba, wanda `sudo` ke bayarwa, wurin girkawa kawai ake buƙatarsa, kuma fayilolin da ya bari sukan jawo `Permission denied` daga baya. Idan zubin baya yana haɗuwa na yanzu kuma ba ya yi, `git bisect` zai raba tarihin biyu-biyu har ya nuna maka canjin da ya jawo ɓarnar, kuma canji dubu ba ya buƙatar fiye da gwaji goma ko kusa da haka.

Mataki na shida: zuwa wurin masu manhajar

Kafin ka rubuta wa kowa, ya kamata ka san wanda kake rubuta wa. Manhajoji da yawa da duniya ta dogara da su mutum ɗaya ne ko biyu ke kula da su, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, kuma lasisin MIT da na GPL duka sun faɗa a fili cewa an ba da manhajar ne ba tare da wani garanti ba. Abin da ya faru da xz ya isa misali. Lasse Collin ya yi shekaru yana ɗauke da wannan manhajar matse fayiloli kusan shi kaɗai, wasu asusu suka yi ta matsa masa lamba cewa aiki ba ya sauri, har wani mai amfani da sunan Jia Tan ya samu amincewa da iko a kan aikin, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya gano ta a ƙarshen Maris 2024, bayan ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa ta SSH yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ya saba. Duk lokacin da na ga wani ya rubuta wa ɗan sa-kai "gyara wannan yanzu", wannan labarin nake tunawa, kuma raina yakan ɓaci.

Saboda haka ka fara da bincike. Ka kwafi ainihin layin kuskuren, ka cire sunan babban fayil ɗinka daga ciki, ka nema a cikin rahotannin matsala na aikin a GitHub ko GitLab, har da waɗanda aka rufe, domin amsar takan kasance a can. Idan wani ya riga ya kawo matsalar, kada ka buɗe sabuwa, kuma kada ka rubuta "ni ma" kawai. Ka ƙara bayani idan tsarinka ya bambanta da nasa. Ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING idan akwai. Ka kuma tabbatar da ƙofar da ta dace: matsalar ƙunshin da Debian ta shirya ta masu kula da Debian ce, ba ta marubucin asali ba.

Rahoto mai kyau yana da take da ke faɗin abin da ya faru, misali cewa zubi kaza ya ƙi haɗuwa a Debian 12 da GCC 12 tare da ainihin saƙon, maimakon "a taimaka da gaggawa". A cikinsa ka sa sunan tsarinka da zubinsa, zubin tafinta da na CMake, lambar canjin da kake kai wadda `git rev-parse --short HEAD` ke bayarwa, girman RAM, da umarnan da ka buga ɗaya bayan ɗaya tun daga saukowa, ta yadda wani zai iya bin sawunka ya ga abin da ka gani. Ka liƙa kuskuren farko da layukan da ke kewaye da shi a matsayin rubutu, ka haɗa cikakken `rahoto.txt` a gefe, sannan ka faɗi abin da ka gwada. Hoton allo da aka ɗauka da waya, wanda muka saba turawa junanmu a WhatsApp, ba shi da amfani a nan, domin ba a iya kwafar rubutu daga cikinsa ko bincika shi. Kafin ka tura, ka duba rahoton ka cire kalmar sirri ko mabuɗin shiga da ya faɗa ciki.

Game da harshe, kada raunin Ingilishinka ya hana ka. Da yawa daga cikin masu kula da manhajojin nan su ma ba harshen uwarsu ba ne, kuma gajerun jimloli tare da cikakken rahoto sun fi musu dogon bayani. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, a tambayi gida da iyali da gajiya, amma a can gaisuwar layi ɗaya da godiya a ƙarshe sun isa, kuma gajeriyar amsa daga wurinsu ba wulaƙanci ba ce. Idan ka yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen fassara saƙonka, ka tabbata duk abin da ke ciki kai ka gani da idonka. Daniel Stenberg, mai kula da manhajar curl, ya sha kokawa a fili tun 2024 kan rahotannin da irin waɗannan manhajoji ke ƙagowa, masu kama da gaskiya amma babu komai a cikinsu, waɗanda ke cinye lokacin mutanen da ba biyansu ake yi ba.

Bayan ka tura, ka yi haƙuri. Mako ɗaya ko biyu ba tare da amsa ba abu ne da aka saba, kuma idan ka ga ya wuce haka, tunatarwa ɗaya cikin ladabi a ƙarƙashin rahoton ta wadatar. Kada ka bi mutum zuwa akwatin saƙonsa na kansa. Idan aka ce ka gwada wani gyara, ka gwada da wuri ka dawo da sakamako, domin wataƙila kai kaɗai ne kake da irin na'urar da matsalar ke bayyana a kanta. Idan kuma kai ka gano maganin kafin su amsa, ka koma ka rubuta ainihin umarnin da ya yi aiki, sannan ka rufe rahoton. Ɗalibin da na ambata a farko ya dawo bayan wasu makonni ya ce, "Malam, ashe takardar girkawarsu ba ta ambaci `libssl-dev` ba ko kaɗan." Muka zauna tare, ya kwafi ma'ajiyar zuwa asusunsa, ya ƙara sunan ƙunshin a jerin abubuwan da ake buƙata a cikin README, ya rubuta jimla biyu yana bayyana tsarin da ya gwada a kai da saƙon da ya samu, ya tura musu gyaran.